Tudun da Inna Ige Ta Ƙi Hawa

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta kawo ɗinki shagona sai ta ajiye atamfa ta ja kujera, wai sai na ba ta labari. Ina kaiwa tsakiya sai wata ta shigo a ce in koma farko. To ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata, in ci gaba da taka kekena.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Illelar Nijar, aure ya kawo ta Sakkwato. Yayarta, Inna Ige, tana can har yanzu. Ɗan farin Inna Ige, wanda nake kira Yaya, ya daɗe a Abijan yana aikin katako. Bara ya karye a ƙafa har aka sa masa ƙarfe, likita ya hana shi doguwar tafiya. Ana cikin haka ciwon ido ya kama Inna. Na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kuma a asibiti sun ce ba yana ba ce da za a kankare. Yaya ya kira ni, muryarsa duk ta canza, ya ce: "Sa'a, ke ce mai babbar waya, kuma ke ce za ki iya shiga ɗakinta. Ki tafi ki nuna mata ni tun tana gani."

Washegari na rufe shago. Da ma ba wani ciniki nake ba a lokacin, domin gwamnatin jiharmu ta haƙa dogon rami a layinmu za ta binne igiyar intanet, sai an taka katako kafin a shigo wurina. Kun san irin masifar da na yi a kan ramin nan, ba sai na maimaita ba.

Daga Sakkwato zuwa bakin iyaka babu abin faɗa, ban da wata akuya da aka ɗaure a ƙarƙashin kujerata ta cinye min gefen mayafi. A iyaka na hau babur, wanda su can suke kira kabu-kabu. Wani jandarma ya tsayar da mu, ya karɓi katina, ya yi min wata doguwar magana da Faransanci. Na ce masa ranka ya daɗe, ko kalma ɗaya ban kama ba. Sai ya yi dariya ya juye Hausa tsantsa, irin ta mahaifiyata, ya tambaye ni wurin wa za ni. Da na ce wurin innata marar lafiya, ya miƙo min katin da hannu biyu ya ce in gaishe ta. Na shiga ƙasar da sanyin zuciya.

A Ƙonni na kwana gidan Hajiya Mariyama, ƙawar mahaifiyata, mai sana'ar turaren wuta. Ta dube ni ta yi kuka, ta ce tafiyata ma irin ta marigayiya ce. Ta ba ni shinkafa da wake da yaji mai daddawa, da safe kuma shayi da dogon burodin nan nasu mai tauri, wanda sai da na tsoma shi ya yarda ya ciyu. Abin da ya ba ni mamaki, layina na Najeriya yana aiki sarai a tsakar gidanta. Na fara murna. Hajiya ta ce in rage murnar, ina barin Tsarnawa zai mutu, domin ƙarfen sabis ɗinmu ne yake leƙo musu ta kan iyaka. Mu muna cewa sabis, su rezo suke cewa. Sayen sabon layi kuma sai da takardar ɗan ƙasa. Sai ta zare nata ta sa a wayata, ta ce in dawo mata da shi lafiya.

Ban san abin da na ɗauko ba sai da muka hau hanya. Waya ta dinga ƙara, duk matan Ƙonni masu neman turare. Wata ta ce humrar da aka ba ta ba ta kama jiki ba, wata ta ce bikin ɗiyarta ya matso. Da farko ina bayani, daga baya na gaji na riƙa cewa Hajiya ta ji, za a kawo. Allah ya yafe min, ban san alkawari nawa na ɗaukar mata ba.

Direbanmu ya ce Badagishiri kai tsaye, amma da muka isa mararraba sai ya miƙe Malbaza, wai zai ɗauki siminti na wani mai gini. Na yi faɗa, na ce mutane ya ɗauko ko kaya. Babu wanda ya taya ni. A wurinmu da tuni mota ta kaure da hayaniya, su kuwa kowa ya sauka ya nemi inuwa, har da masu shimfiɗa tabarma. Ni kaɗai na tsaya a rana ina huci, sai wani dattijo mai farin gilashi da muka shigo mota ɗaya ya matsa min gefen bencinsa ya ce in zauna, simintin ba zai ji faɗana ba.

Mushe Abdu ake ce masa, mushe kuwa kamar malam ne a Faransancinsu. Ma'aikacin ofishin jiha ne a Tawa, kuma aikinsa ke nan, bin ƙauyuka yana duba inda rezo yake kaiwa da inda ba ya kaiwa. Da na faɗi sunan ƙauyen su Inna sai ya gyaɗa kai, ya ce ya san shi, har ya sha furar garin. Ya ce kamfanin waya ɗan kasuwa ne, ba ya kafa ƙarfe inda mutane ba su da yawa. Sai hukuma ta shiga tsakani, ta nemi fili wurin mai gari, ta gyara hanyar da babbar mota za ta bi, ta ɗauke wa kamfani wani nauyin, sannan ya yarda ya zo. Ya ce na ƙauyen su Inna an riga an kafa, saura farantan hasken rana da batura, ruwan damina ne ya cinye hanya motar ta kasa shiga. Na tambaye shi yaushe. Ya cire gilashi ya goge, ya ce ba zai yi min ƙarya ba, takarda tana tafiya, amma ba ta sauri. Na ba shi labarin ramin layinmu don ya taya ni jin haushi, sai ya ce da za a ba shi ramin nan da ya ɗauke shi a ka ya kawo nan.

Mun shiga Badagishiri ana cin kasuwa. Kwarin nan nasu kore shar, ga albasa, ga tumatir, ga kabewa tuli. Na ci dambun zogale da ƙuli a tsaye, na sayi cuku wurin wata Buzuwa don tsarabar Inna. A nan muka rabu da Mushe Abdu, ya ba ni lambar wayarsa. Ya ce idan na isa in tambayi tudun rezo, kowa ya san shi. Wata motar ta kai ni Illela, inda Lima, autar Inna, take jirana da amalanken jaki. Ban taɓa hawa ba. Jakin ya san hanya fiye da mu, amma ba ya son a yi masa magana, ana cewa ya yi sauri sai ya tsaya cak. Kafin mu isa ƙuguna ya gaya min. A bakin gari na ga ƙarfen, dogo, sabo fil, an kewaye shi da waya, awaki suna kwance a inuwarsa. Na duba wayata, babu ko sanda ɗaya.

Inna Ige ta tsufa fiye da yadda na zata. Ta jawo ni kusa da idonta na dama, ta karkata kai, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce hancin ƙanwarta ne. Muka yi kuka tare. Aka kawo fura da nono mai kauri a ƙwarya, irin wadda ludayi yake tsayawa a ciki. Da na huta sai na ce mata Yaya ne ya aiko ni, yana so ta gan shi a waya. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta tambaye ni ko an yi ruwa sosai a Sakkwato bana.

Lima ce ta ja ni gefe ta tuna min abin da na manta. Yaya ɗan fari ne. Mu ma a Sakkwato mun san kunyar ɗan fari, amma tamu ta sassauta, yanzu uwa tana ɗaukar ɗan farinta hoto ta sa a waya kowa ya gani. A can abin yana nan yadda kakanni suka bar shi. Tun da Inna ta yaye Yaya kakarsa ta ɗauke shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta duban fuskarsa a gaban mutane. Idan dole ta ambace shi sai ta ce "mutumen can". Ko ya aiko da saƙon murya a wayar mijin Lima, tana jin an kunna sai ta tashi ta shiga madafa, amma Lima ta ce ba ta taɓa tafiya nesa da inda za ta ji ba.

Da la'asar na je na ga tudun. Wani tsauni ne na jan dutse a bayan gari, daga samansa ake kamo ƙarfen wani gari mai nisa. Jama'a, kasuwa ce guda. Kowa ya ɗaga hannu sama da waya, kowa yana magana da ƙarfi. Wannan yana faɗa da ɗansa a Libiya, wancan yana cinikin rago, wata amarya tana ƙus-ƙus da mijinta ƙawayenta suna dariya. Akwai mai shayi, akwai mai cajin waya da ɗan farantin hasken rana. Duk wanda ya yi magana a tudun nan, kafin ya sauko gari ya ji. Na kira Yaya, hoto ya fito tar. Na ce masa gobe in sha Allahu. Ban gaya masa cewa Inna ba ta yarda ba.

Na sa ya yi ɗan bidiyo yana gaisuwa, na sauko da shi a wayata. Na kai wa Inna ɗaki, ta juya fuska bango. Sai na kunna na ajiye mata a cinya, na fita kamar zan ɗebo ruwa. Da na dawo na same ta ta kifa wayar a kan tabarma. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Wanga hoto ne. Bai ganina."

A nan na gane tana so, so mai tsanani. Na ce to mu hau tudu. Ta ce ita da girmanta ta hau tudu ta tsaya gaban samari da surukai tana kallon mutumen can, gara idon ya rufe. Kun san ni da baki. Na ce mata na rufe shago, na tsallake iyaka, jaki ya karya min ƙugu, kuma ido ba jira yake ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in sha fura ta huce ni. Na fita bayan ɗaki na yi kuka don haushi da tausayi. Kwanaki suka wuce a haka, kullum Yaya yana tambaya, kullum ina ce masa gobe.

Wadda ta warware mana ita ce Dije, Bafulatana mai kawo wa Inna nono kowace safiya, tsararta ce kuma ƙawarta tun suna 'yan mata. Ta same ni na haɗa kai da gwiwa, Lima ta ba ta labari. Dije ta ce ba ta ga laifin Inna ba ko kaɗan, ita ma nata ɗan farin ko hanya suka haɗu sai ta ratse. Ta ce ai Ige ba tudu take gudu ba, ido take gudu. Tun da rezo ya ƙi zuwa ɗaki, sai a kai masa ɗaki. Ta ce idan haihuwa ta kama mace a hanyar ƙaura, ba gida suke nema ba, zannuwa suke warewa su kewaye ta.

Ban san abin da ta faɗa wa Inna ba, da Fulatanci suka yi rabin maganar. Washegari da hantsi, lokacin da maza suka tafi roron wake, sai ga tsofaffin matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da zane a kafaɗa. Babu wadda ta ambaci waya ko Abijan. Wai za su raka Ige neman saiwar magani. Inna ta fito da zanenta na salla, ta sa kwalli har a idon da ya mutu. Muka ɗora ta a amalanke, jakin nan kuma ranar bai yi gardama ba.

A saman tudu mun tarar da mai shayi da wasu samari. Dije ta ce musu mata za su yi abin mata, kafin ta rufe baki sun kwashe kofunansu sun gangara. Matan suka yi da'ira, kowace ta kama bakin zanenta da na maƙwabciyarta, suka ɗaga sama, suka juya mana baya. Sai suka ɓarke da hira da ƙarfi, ta tsadar gishiri da ta wata saniya da ta ɓata, don kada kunnensu ya ji abin da bai kamata ba. Ni kaɗai ce a ciki da Inna, domin sai an riƙe wayar a sama take kamawa. Na durƙusa, na ɗaga hannu daidai idonta na dama, na kawar da kaina gefe.

Yaya ya ɗauka. Ya yi aski, ya sa farar riga. Ya gaishe ta. Ba ta amsa ba. Ta matso har numfashinta yana taɓa hannuna, ta karkata kai, tana bin fuskar a hankali daga goshi zuwa gemu. Sai ta ɗaga tafin hannu ta shafa fuskarsa, kiran ya yanke. Ta firgita, ta ce ta ɓata. Na ce ba ta ɓata komai ba, amma kada ta taɓa gilashin. Na sake kira.

Wannan karon ta yi magana, amma da ni. Ta ce in gaya wa mutumen can ya rame. Ta ce in tambaye shi ƙafar. Ta ce furfurar mene ce wannan tun yanzu. Shi kuma yana amsawa kai tsaye, yana dariya yana share ido. Ya nuna mata 'ya'yansa, nan kam ta sake, ta yi musu wasan kaka, ta ce wa ƙaramin shi ne mijinta amma ba ta son miji marar haƙora. Sannan yaran suka kauce, fuskarsa ta dawo, sai rezo ya yi rauni. Hoton ya daskare, yana murmushi, ba motsi, ba sauti.

Ta jira. Ta ce: "Ya tahi?"

Na saci kallon wayar. Hoton ya tsaya, amma kiran bai yanke ba, lokaci yana ta tafiya a sama. Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ji na ce: "Hoton ne kawai ya rage, Inna."

Sai ta riƙe wuyan hannuna da hannu biyu don kada in sauke. Ta kira sunansa. A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗanɗana abinci, sannan ta sake faɗa. Ta ce masa ranar da kakarsa ta ɗauke shi ta bi su a ɓoye har bakin rijiya. Ta ce duk tuwon da ya ci a gidan kakarsa da daddare ita take tuƙawa ta aika. Ta ce ta gan shi, ya ishe ta, ido ya tafi inda za shi. Ta sa masa albarka, doguwa, har ta haɗa da ƙafar. A waje matan suna ta gardama a kan saniya. Hannuna ya yi tsami kamar zai faɗi, ban sauke ba sai da wayar ta yi duhu da kanta.

Da muka sauko babu wadda ta tambayi komai. Dije ma har da tsinko wani ganye a hanya, don a ga an samo magani.

Ranar da zan taho Inna ta ba ni wake da kuka da daddawa, ta rako ni har bakin gari, abin da Lima ta ce ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. Muka tsaya kusa da ƙarfen nan. Ta ɗaga kai tana neman ƙarshensa, ta tambaye ni wai idan ya fara aiki har cikin ɗaki yake shiga, ko an rufe ƙofa. Na ce har ƙarƙashin gado. Ta ce to su yi sauri. Na kira Mushe Abdu daga Illela na faɗa masa saƙonta yadda ta faɗa. Ya ce an fara zuba tsakuwa a hanyar, kuma zai faɗi maganar tsohuwar a gaban manyansa.

A Ƙonni na mayar wa Hajiya Mariyama layinta, na bar ta da matan da na yi wa alkawari. Ina mayar da nawa layin sai saƙon murya ya shigo daga Yaya. Na koma gefe na kunna.  Ya ce: "Sa'a, hoton ne ya tsaya, sauti bai tsaya ba. Na ji duka. Na toshe bakina da riga don kada ta san ina nan. Kada ki gaya mata."

Ban gaya mata ba, ku ma na san ba za ku je ku faɗa ba. Ramin layinmu an rufe shi, ƙarfen ƙauyensu kuwa har yanzu awaki ne a inuwarsa, kuma Lima ta ce idon Inna yanzu haske da duhu kawai yake rabewa. Wata a cikinku ta tambaye ni mene ne sunan Yayan nawa, tun da ban taɓa faɗa ba. Na san shi mana, amma ku bar ni da Yaya. Shi kansa ya ce min ya yi furfura ana kiransa da sunan nan a ƙasashe uku, bai san yadda yake ba sai ranar da ya ji shi a bakinta.